Ajin Bakin Kududdufi

Kukar Dabo, 28 ga Afrilu

Zuwa ga 'yata Khaulat,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da karatu, da fatan zaman Ife bai gundure ki ba. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Ƙafar innarki Luba ta yi sauƙi, har ta koma kasuwa da man gyaɗarta. Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna, don rabonmu da haɗuwa tun bikin Ramlat a Bacirawa, kuma ko a can gaisuwar tsaye ce. Amma kakarki da mahaifiyata ciki ɗaya suka fito, saboda haka ba zan tsaya dogon neman izini ba.

A wajen bikin na ji kina yi wa 'yan'uwanki bayani cewa karatunki auna motsin ƙasa ne daga sama, suna ta yi miki dariya. Ni na riƙe maganar, yau ga shi ta yi rana.

Makarantarmu ta firamare gini biyu ce. Na baya, mai azuzuwa uku, yana bakin kududdufin da garin nan kaf ya haƙi ƙasar gini tun zamanin kakanni. Da can tsakanin bango da gaɓa akwai filin da yara ke buga ƙwallo. Yau taku goma sha ɗaya ne, da ƙafata na auna. Damina biyu ke nan bangon aji biyar yana tsagewa daga taga zuwa ƙasa, ƙofar kuma in an yi ruwa mai yawa sai an sa kafaɗa take rufuwa. Da rani komai sai ya tsaya. Watan jiya kansila ya aiko aka shafe tsagar da siminti, aka yi fenti, aka rubuta sunansa a jikin bangon. Hedimasta, Malam Shafi'i, ya ce magana ta ƙare. Da na ce masa fenti ba ya hana ƙasa tafiya, sai ya tuna mini cewa ni malamin aji ne, ba injiniya ba.

Yara ɗari da saba'in ke zama a ginin da safe, da yamma kuma 'yan Islamiyya, waɗanda ba sa hutu ko a watan Agusta. Ina so a fitar da su kafin ruwa ya kankama, amma ba ni da hujjar da ta wuce idona. Shin tauraron ɗan'adam ɗin da kuke aunawa da shi yana ganin ƙauye irin namu, ko sai birni? Ki yi mini bayani yadda zan iya maimaita wa 'yan aji shida.

Babu sabis a garin nan. Da hannu nake rubutu, in na shiga Dawakin Tofa in ɗauki hoton takardar in turo miki. In kin ji shiru, hanya ce.

Kawunki,
Zailani

*

Ile-Ife, 9 ga Mayu

Kawu,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗin wasiƙarka ƙwarai, har na karanta wa abokiyar ɗakina wajen fentin. Ina lafiya. A gaishe mini da Inna Luba, Allah Ya ƙara sauƙi.

Tauraron ɗan'adam ɗin ba ruwansa da birni ko ƙauye. Duk kwana goma sha biyu yana bi ta kanku da sassafe. Yana ɗauke da na'urar da ake kira rada, wadda ke jefo wani irin haske da ido ba ya gani, ya ratsa gajimare, ya bugi abin da ke ƙasa, ya koma. In na ɗora hoton yau a kan na kwana goma sha biyu da suka wuce, zan ga ko abin ya matso ko ya yi nisa, ko da kaurin ƙwayar dawa ne. Matsalar ita ce gona. Da zarar gero ya fara tashi, fuskar ƙasar yau daban, ta gobe daban, lissafin sai ya watse. Abin da ba ya sauya kama, kamar rufin kwano, shi nake iya bi.

Na ciro hotunan bara gaba ɗaya. Na ɗauki rufin masallacin Juma'arku a matsayin wurin da ba ya motsi, na gwada rufin ginin baya da shi. Daga Janairu zuwa Yuni layi ɗaya ne miƙaƙƙe. Daga Yuli zuwa Satumba rufin ya sauka wajen santimita uku, kaurin yatsu biyu ke nan, daga nan ya tsaya. Idonka bai yi ƙarya ba, Kawu.

Malamina bai gamsu ba. Ya ce rufi ɗaya ba shaida ba ne, ƙusa na iya saki, katako na iya lanƙwasa, kuma ba a taɓa auna ƙasar noma irin taku da damina an samu abin kirki ba. Na ce masa ni zan auna. Ya ce in na samu shaidu biyu da suka yi daidai da juna har ƙarshen Satumba, zai karɓa a matsayin aikin kammala digirina. In ba haka ba, sai baɗi.

Shaida ta biyun ga zanenta nan. Falle uku ne na ƙarfe masu kusurwa uku, a haɗa su kamar lungun ɗaki, bakin yana kallon sama ta gabas, a ɗan karkata kudu kamar yadda na rubuta. A kafa shi da siminti tsakanin bango da gaɓa. Kowane layi da ɗigo a zanen yana da dalili, a bi shi yadda yake. Bayan an kafa, kada kowa ya taɓa.

Roƙona ɗaya: kada ka ce wa mutane na ce ginin zai faɗi. Ban ce ba. Na ce yana motsi.

'Yarka,
Khaulat

*

Kukar Dabo, 27 ga Mayu

'Yata Khaulat,

Gaisuwa mai yawa. Kowa lafiya, an yi ruwan shuka ranar Talata, gari ya watse gona.

An kafa. Abdulkabir mai walda na Dawakin Tofa ne ya yi, wanda fataken shanu ke yi wa layi saboda komin shayar da dabbobi da yake ƙerawa. Aiki ya yi kyau, sai sheƙi yake. Mutanen gari sun sa masa suna kaskon Malam. Liman ya zagaya shi sau biyu ya ce alƙiblarsa ta ɗan karkace, ko a gyara. Na ce a bar shi, ba salla zai yi ba.

Na fito da 'yan aji shida na ba su madubin innarki da rana, suka haska bango, sannan na sa mai madubin ya ja baya taku ɗaya. Na ce to haka tauraron yayarku yake gane wanda ya motsa. Tun ranar nan tambaya ba ta ƙare ba. Wata ta ce ko yana ganin wanda ya makara.

Malam Shafi'i ya tsaya daga nesa har muka gama zuba siminti. Da yamma ya kira ni ofis ya ce ƙarfen nan zagi ne ga wanda ya yi wa makaranta fenti, kuma zai kai maganar gaba. Na ce ya kai, zan ba shi aron keke.

Kawunki,
Zailani

*

Ile-Ife, 29 ga Yuni

Kawu,

Ina gaisuwa, ina fatan lafiya ce ta kawo shirun nan. Wata guda ke nan ban ga rubutunka ba.

Ranar uku ga Yuni ƙarfen ya fito a hoto fes, ya fi komai haske a garin. Na nuna wa malamina, ya gyara tabarau ya duba. Ranar sha biyar babu shi. Na ce ko kuskuren na'ura ne, na jira. Ranar ashirin da bakwai ma babu, duhu ne kawai a wurin. Ƙarfe mai faɗin haka ba ya ɓacewa don kansa.

Umma ta ce ta ji a Bacirawa an kira ka ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Kawu, in sun matsa maka ka cire, ba zan ga laifinka ba, kana da iyali kuma saura shekara huɗu ka yi ritaya. Amma da ka faɗa mini da bakinka. Kai ka tayar da ni, na tsaya gaban malamina na ce zan iya, yanzu kuma sai daga sama zan gano an janye. Ni dai ban janye ba. Ko da rufin kaɗai zan ci gaba da bi.

Khaulat

*

Kukar Dabo, 3 ga Yuli

Khaulat,

Lafiya muke. Ruwa ya cinye gadar da ke tsakaninmu da titi, mako uku babur bai fita ba, shi ne shirun. Yau da na samu na fito na tarar da wasiƙarki, na karanta a tsaye a gaban mai cajin waya, kuma ba ta yi mini daɗi ba.

An kira ni ofis, gaskiya ne. Mutum uku suka zaunar da ni, suka ce ko in cire ƙarfen ko su nemo mini makarantar da ba ta da kududdufi. Na ce musu shekara ashirin da shida ina koya wa yara cewa in an ga abu a auna shi, ba zan koma aji in ce musu in an ga abu a shafa masa fenti ba. Na ɗauki hulata na fito. Wannan shi ne mutumin da kika ce ya janye a ɓoye.

Kaskon yana nan inda kika ce, ko gezau. Kullum da safe sai na duba shi kafin in shiga aji. Cike yake da ruwa har baki tun tsakiyar Yuni, ko ɗigo ba ya zuba, har 'ya'yan kwaɗi sun samu gida a ciki, agwagin maƙwabta kuma ni ke korarsu. In tauraronki bai gan shi ba, sai ki tambayi tauraron.

Ƙofar aji biyar ta fara cijewa.

Zailani

*

Ile-Ife, 3 ga Yuli

Kawu, ka yi mini afuwa. Na yi maka mummunan zato, na ji kunya, kuma zan zo har gida in ba da haƙuri. Allah Ya sa kana Dawakin Tofa har yanzu ka ga wannan.

Ruwan ne. Hasken radar in ya faɗa kan ruwa ba ya dawowa inda ya fito, zamewa yake ya tafi wani wajen. A zanen akwai ɗigo a can ƙasan lungun, na rubuta huda a gefensa. Ta nan ruwan sama zai riƙa fita. Me ya sami hudar? Tauraron zai sake wucewa ranar tara. A kwashe ruwan, a huda, amma don Allah kada a girgiza ƙarfen.

'Yarka mai laifi,
Khaulat

*

Kukar Dabo, 11 ga Yuli

'Yata Khaulat,

Ya wuce, Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Innarki ta ce duk zafin kan na gidanmu ne, ba daga waje kika samo ba.

Ina tashar babur saƙonki ya shigo, sai na juya shagon Abdulkabir da zanen a hannu. Na nuna masa ɗigon. Ya ce ya gani sarai, har ma yaron shagonsa ya huda, shi ya bi da kansa ya toshe, ya goge wurin yadda ko ni ban lura ba. Na tambaye shi dalili. Ya ajiye abin waldarsa ya dube ni ya ce, "Malam, shekara goma sha tara ina wannan sana'a, ba a taɓa dawo mini da aiki an ce yana yoyo ba. Ka kai abu mai huda garinku, a ce wa ya yi, a ce Abdulkabir?"

Na yi masa bayanin haske da ruwa kamar yadda kika yi mini. Ya ce shi bai ga yadda za a yi abin da ke can sama ya damu da huda mai faɗin yatsa ba. Sai na ce masa 'yar ƙanwarsa Nuriyya tana aji biyar, bencinta na jikin bangon nan. Nan take ya rufe shago ya ɗauko injin huda ƙarfe da ƙaramin janareta muka tsallaka ruwa da su a ka. Ya huda a hankali, ni ina riƙe da ƙarfen. Sharaɗinsa ɗaya, in an tambaya in ce ni na huda.

Tun kafin ranar tara aka gama. Daren Laraba an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, da safe na tarar da kaskon a bushe, fentin kansila kuma ya dare daidai kan tsohuwar tsagar. Taku goma ne yanzu zuwa gaɓa. In mun gama jarrabawa ƙarshen wata, sai 'yan Islamiyya su rage. Ki faɗa mini abin da kika gani da zarar kin gani.

Kawunki,
Zailani

*

Ile-Ife, 4 ga Agusta

Kawu,

Ina gaishe ku duka, a miƙa godiyata ga Malam Abdulkabir, a ce masa sirrinsa a rufe yake.

Ƙarfen ya dawo ranar tara, ya fito ranar ashirin da ɗaya, ya fito shekaranjiya. Na jira na samu uku kafin in yi magana. Daga tara zuwa ashirin da ɗaya ga Yuli, ƙarfen ya sauka milimita tara, rufin ya sauka takwas. Daga nan zuwa biyu ga Agusta, ƙarfen sha biyu, rufin sha biyu. Masallaci bai motsa ba. Ma'ana ba ƙusa ba ce, ba katako ba ne, ƙasar da ke ƙarƙashinsu ce take tafiya da su tare. A kwana ashirin da huɗu ta yi kashi biyu cikin uku na abin da ta yi a daminar bara gaba ɗaya, kuma ruwan Agusta bai zo ba tukuna. Na ɗora lissafin a kan na ruwan sama, duk inda ruwa ya yi yawa nan saukar ta fi.

Malamina ya zauna da ni awa biyu yana neman kuskure bai samu ba. Ya ce saura hotuna huɗu, in rufi da ƙarfe suka ci gaba da tafiya tare har ƙarshen Satumba, aikina ya tsaya da ƙafarsa.

Na san abin da kake so in rubuta, kuma ba zan rubuta ba. Ban san ranar da zai faɗi ba, ban ma san ko zai faɗi bana ba. Abin da zan sa hannu a kai shi ne wannan: ƙasar tana sauka, saukar tana ƙara sauri, ruwa ke tura ta. Ka karanta musu haka, kada ka ƙara kada ka rage. In wani ya tambaye ka ko ni zan zauna a ajin, ka ce na ce a'a.

'Yarka,
Khaulat

*

Kukar Dabo, 12 ga Agusta

'Yata Khaulat,

Muna lafiya, gero ya fitar da kai, Allah Ya ba mu damina mai albarka. Wannan wasiƙar tana da nauyi, ki karanta a zaune.

Bayan sallar Juma'a na miƙe a ƙofar masallaci na karanta takardarki yadda take, ban ƙara ko wasali ba. Malam Shafi'i ya ce kowa ya ji, ita da kanta ta ce ba ta san ko zai faɗi ba. Wani dattijo, kakan yara shida a makarantar, ya tambaye ni ko yarinyar za ta zauna a ciki. Na faɗa masa amsarki. Ya ce to shi ma jikokinsa ba za su zauna ba, ya sa takalminsa. Haka aka watse.

Ranar Litinin takardata ta iso. An mayar da ni wata makaranta can bakin iyakar Katsina, daga farkon zango mai zuwa. Na karɓa na sa hannu, na ce wa ɗan aiken ya gaishe su. Kada ki sa wannan a ranki, ko a can akwai yara.

Ga inda matsalar take. Mun raba 'yan Islamiyya zaure uku, amma zaurukan ba sa ɗaukarsu, rabi a waje suke zama. Da hadari ya taso ranar Asabar, malaminsu ya rasa yadda zai yi, ya kwashe su suka koma ginin baya, don shi ne kaɗai rufin da zai ɗauke su, ginin gaba a kulle yake tun da aka yi hutu. Ina gona aka gaya mini. Na zo na tarar da yara tamanin suna karatu, ruwa na shigowa ta tsagar da yanzu hannuna ke shiga. Na sa wa ƙofa kwaɗo, washegari Malam Shafi'i ya sa aka fasa, ya ce ginin gwamnati ne. Ranar da na bar garin nan kuwa, kin san za a mayar da azuzuwan nan uku ciki a ce ai bai faɗi ba.

Iyaye sun zauna jiya. Shawararsu ita ce a yi gayya ranar Asabar mai zuwa, a kwance kwanon ginin da katakonsa, a kafa rumfa da su a filin idi inda ƙasa take da ƙarfi. Ginin da ba rufi ba mai sa yaro a ciki. Mai unguwa ya ce shi bai ji ba bai gani ba. Abdulkabir ya ce zai zo da kayan aikinsa. In an tashi kama wani, ni za a kama, na riga na gaya musu.

Ni na ce su dakata sai na ji daga gare ki. Sun ɗauka izinin masana nake nema, ban gaya musu dalilin ba. Na san rufin nan ɗaya ne daga cikin shaidunki biyu, na san saura hotuna huɗu, na kuma san abin da malaminki ya ce in babu su. Ni na jawo ki cikin wannan, ba zan cinye miki shekara a bayan idonki ba. Gobe da jibi zan kwana Dawakin Tofa wajen abokina ina jiran amsa.

Kawunki,
Zailani

*

Ile-Ife, 13 ga Agusta

Kawu,

Na gaishe ka, na gaida Inna Luba. Maganar canjin wurin aiki ta dame ni, za mu yi ta in na zo.

Ku kwance. Kada ku jira Asabar in za a samu mutane kafin nan. Gobe da sassafe tauraron zai wuce, wannan hoton na samu, ya ishe ni.

Na je wajen malamina da wasiƙarka kafin in rubuto. Ya ce sharaɗi sharaɗi ne, ba zai sauya ba, sai dai in sake wata daminar da ƙarfe biyu. Na ce na ji. Ya ce ko iyayen za su iya haƙuri mako shida. Na ce ba zan tambaye su ba. Umma za ta yi faɗa in ta ji sai baɗi, ka bar ni da ita.

Abu biyu nake so. Masu sauke kwano kada su jingina komai a jikin kaskon, kada kuma kowa ya tsaya ta bayan ginin wajen gaɓa, ta gaba za a hau a sauka. Sannan kafin ka tafi ka samo wanda zai riƙa duba hudar duk bayan ruwa, don zan ci gaba da auna wurin ko ba rufi, in turo wa wanda ka ce.

In an kafa rumfar, a auna mini faɗinta da tsawonta. Ina so in san inda zan neme ta a hoton ashirin da shida ga wata.

'Yarka,
Khaulat